Ƙararrawar Tsakar Rana a Wae Sewo

Da sunan Mahaliccin sama da ƙasa nake buɗe wannan takarda, Shi da kakanninmu suka kira Mori Kraeng tun ba a hauro dutsen nan da gicciye ba. Sunana Damianus Jehabur. Shekara arba'in da ɗaya na yi ina koyar da addini a ƙauyen Wae Sewo, ana ce mini Guru, wato malam. Fada, limamin cocinmu, ba ya hauro mana sai sau uku a shekara, saboda haka ni ke jan addu'ar Lahadi, ni ke raka matattu, ni ke buga ƙararrawa safe da tsakar rana da maraice. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya dushe, wani ke bugawa. Abin da ya rage mini shi ne in rubuta yadda Gaspar, ɗan ƙanwata Sebina, ya bar duniya, da abin da na faɗa a kansa, kafin a kira ni in maimaita a gaban Wanda ba a rage masa zance.

Ni da Sebina mutanen gangare ne, daga wani ƙauye kusa da teku. Aure ya hauro da ita, ni kuma aikin Ubangiji ya biyo da ni bayanta. Mijinta ya rasu da zazzaɓi Gaspar yana goye. Ba ta sake aure ba, ba ta kuma koma gida ba. Ta zauna a ɗakinta cikin babban niang, gidan ganga, inda iyali takwas ke kwana kewaye da wurin girki ɗaya. A nan aka haifi yaron. Ina tsaye a waje ranar, na ji an bugi bango an tambaya, "Na ciki ne ko na waje?" Ungozoma ta amsa da ƙarfi, "Na ciki!" domin namiji ne, wanda zai zauna ya gaji gidan ubansa. Sebina ba ta taɓa mance wannan amsa ba.

Shekarar da Gaspar ya cika ashirin da tara, rufin gidan ganga ya ruɓe. Wata uku mata suna yankan tofa a kan tuddai, maza suna tsefe baƙin gashin bishiyar bammi, suna janyo igiya daga kurmi. Aka kwaye tsohon rufi, aka ɗauko sabo daga ƙasa, layi bisa layi, har aka kusa tsini. Aikin tsini kuwa na Gaspar ne, ba wanda ya taɓa yi masa gardama a kai. Tsayin wurin ya kai gaba takwas, gorar da ake takawa siririya ce, shi kuwa yana zama a kanta kamar a kan tabarmar uwarsa.

Ranar Alhamis na buga ƙararrawar tsakar rana. Ƙararrawarmu tsohon wilin mota ne da maza huɗu suka hauro da shi a kafaɗa. Na rataye shi a bishiyar lemo gaban ɗakin addu'a, a kan tudun da ke fuskantar gidaje. Kowa ya tsaya inda yake, ya sunkuyar da kai, ya yi alamar gicciye. Gaspar kaɗai ya ci gaba da ɗauri. Ina ganinsa sarai daga inda nake.

Da la'asar masu aiki suka sauko shan gahawa da dafaffen rogo a filin tsakiya. Rofinus, ɗan wan ubansa, wanda tare suka tashi, ya fara tsokanarsa kamar kullum.

"Kai, Gaspar, daga can sama ba ka hango mana ko mace ɗaya ba? Har teku fa ake gani."

"Na hango mana," in ji Gaspar. "Na hango matarka tana nemanka da muciya."

"Ni dai ina da mai nemana da muciya. Kai ko kare ba ya nemanka."

"Ende tana nemana." Ya juya wajen uwarsa da ke zuba gahawa. "Ko ba haka ba, Ende?"

Sebina ta tofar da jan ganyen da take taunawa ta ce, "Ina nemanka ka kawo mini suruka kafin haƙorana su ƙare. Saura shida."

"Biyar ne, Ende. Na ƙirga kina hamma."

Ta kai masa duka da ludayi, ya goce, aka fashe da dariya. Da na bar zancen a nan, da ya fi mini alheri. Amma ni malami ne, kuma a wancan zamani ina ganin babu lokacin da gyara bai dace ba.

"Gaspar," na ce, "yau ka ji ƙararrawa?"

"Na ji, Amang."

"To, me ya hana ka?"

"Amang, hannu biyu gare ni. Ɗaya na riƙe da gora, ɗaya na riƙe da igiya. Na ukun kuwa Ende ta manta ba ta haifo ni da shi ba."

Mutane suka sake dariya, dariyar kuwa ta yi mini zafi. Sai na ce masa a gaban kowa, "Hannun da Ubangiji ya ara maka ya samu lokacin ɗaure ciyawa tun asuba, amma bai samu lokacin numfashi uku domin Mai shi ba. Ni na kama hannun nan naka kana ɗan shekara uku, na koya masa hanyar goshi da ƙirji da kafaɗu. Kada ka sa in ji kunya a gaban Wanda zai tambaye ni kai."

Murmushinsa ya ɗauke. Amang, wato kawu, ba abokin musu ba ne. Daga gidansa uwa ta fito, daga bakinsa albarka ke gangarowa kan 'ya'yanta. Gaspar ya ajiye ƙoƙonsa ya ce, "Na ji, Amang. Ba za a sake ba."

Washegari, Juma'a, gajimare ya sauko ya zauna cikin ƙauyen, bai tashi ba sai da hantsi. Kome ya jiƙe, duwatsu da gora da gashin karnuka. Saura layi biyu a rufe tsini. Damin tofa goma sha biyu na ƙarshe, waɗanda Gaspar ya tsefe ya ɗaure da kansa, suna jingine a gindin gidan ana jiran a miƙa masa. Da rana ta tsaya a tsaka na ɗauki guduma. Ban ɗaga kai ba kafin in buga. Wannan ita ce gaskiya ta farko da ta wajaba in rubuta. Sai bayan bugu na uku na dubi sama, kuma ba don tsoro na duba ba. Na duba ne in ga ko zai cika alkawari.

Ya cika. Ya juyo ya fuskance ni. Hannunsa na hagu na riƙe da igiyar da bai gama ɗaurewa ba, na dama na riƙe da gora. Ya saki gorar. Ya kai hannu goshi, ya sauko da shi ƙirji, ya kai kafaɗar hagu. A nan ƙafarsa ta zame, igiyar ta warware ta biyo shi.

Bai yi kururuwa ba. Kowa kansa na sunkuye, ƙarar faɗuwarsa ce ta ɗago su. A kan duwatsun gaban ƙofa ya faɗi. Kafin in gangaro daga tudu rai ya yi halinsa.

Sebina tana maɓuɓɓuga a lokacin. Na ga shigowarta filin, gorar ruwa a kafaɗa, tana tambayar me ya tara mutane. Ba zan rubuta kukan da ta yi ba, domin ban san haruffansa ba.

Maza huɗu suka ɗauke shi suka nufi ƙofa, tana biye tana riƙe da ƙafarsa. Sai Ema Longginus, dattijon gidan ganga, ya tsaya a bakin tsani ya buɗe hannuwansa.

"Ku ajiye shi a nan."

"Ema, gidansa ne," in ji Sebina.

"Gidansa ne, uwar Gaspar. Amma ɗanyen jini ne. Kin sani."

Kowa ya sani. Wanda cuta ko tsufa ya ɗauke, a cikin gida ake shimfiɗe shi kusa da ginshiƙin tsakiya, a yi masa kuka, ya fita ta ƙofar da ya saba fita. Wanda kuwa ya faɗo, ko ruwa ya ci shi, ko ƙarfe, ko tsawa, jininsa bai nuna ba aka zubar. Irin wannan mutuwa, in ta leƙa cikin gida sau ɗaya, ta san hanya, za ta dawo ta ɗauki wani. A waje ake kwantar da mai ita, a yanka baƙin zakara a yanke mata sawu.

Na matsa kusa da dattijon na ce, "Ema, yaron nan mai baftisma ne. Mutuwa baiwa ce, ba ta san wata ƙofa ba sai wadda Ubangijinta ya nuna mata."

"Guru, ni ma mai baftisma ne. Kai ka koya mini addu'a da furfurata." Ya yi magana a hankali, idonsa jawur. "Amma mutum arba'in da uku ke kwana a bayana, goma sha tara yara ne. Ina ƙarami aka shigar da wanda ɓauna ta soke, don uwarsa ta yi irin wannan kuka. Kafin girbi biyu mutum uku suka bi shi, ba wanda ya mutu a kan tabarma. Ɗayansu wana ne. In kai za ka iya ce wa iyayen yaran nan ba kome, ga su can, faɗa musu."

Na juya na dube su. Kowace mace ta janyo nata ta rungume. Na san ko na yi wa'azi har rana ta faɗi, in aka shigar da shi a haka, ba wadda za ta sake runtsawa a gidan nan.

Aka shimfiɗa tabarma kusa da dandamalin duwatsu na tsakiyar fili, aka kwantar da shi, aka lulluɓe shi da baƙin zanen saƙi. Rofinus ya durƙusa yana kuka kamar yaro. Can sai ya ɗago ya ce, "Ema, ina ƙarƙashinsa da layi huɗu. Na ɗan ɗaga ido, na ga hannunsa a ƙirji. Kuma tun makon jiya yake ce mini ƙirjinsa na masa zafi, ya ce kada in gaya wa Ende. In zuciyarsa ce ta tsaya fa? In ya riga ya mutu kafin ya faɗo fa?"

Ema Longginus ya juyo wajen Rofinus.

"In haka ne," ya ce, "cuta ce ta ɗauke shi, gawa duwatsu suka karɓa, kuma zai shiga gidansa kamar kowa. Amma kai daga ƙasa ka gani, da wutsiyar ido. Wa ya gan shi sosai?"

Ɗaya bayan ɗaya, fuskoki suka juyo gare ni. Tudu ɗaya ne ke kallon tsini, kuma mutum ɗaya ne ke kansa.

"Guru, ba zan tambaye ka yanzu ba, hankalinka ba ya jikinka. In inuwar dutsen yamma ta iso filin nan za mu zauna, ka faɗa mana abin da ka gani. Abin da ka faɗa shi za a yi. Shekara talatin ban kama ka da ƙarya ba."

Na hau ɗakin addu'a na durƙusa, amma ban iya haɗa ko kalma biyu ba. Ba a jima ba na ji takun Sebina. Ta zauna a bencin baya, na juyo.

"Nara," ta ce, yadda mace ke kiran ɗan'uwanta a wajenmu.

"Weta," na amsa, wato 'yar'uwa.

"Ka ji abin da Rofinus ya faɗa."

"Na ji."

"Hannunsa ya kai ƙirji?"

"Ya kai."

"To, shi ke nan. Ka ce ka ga hannunsa a ƙirji, ka ja bakinka. Ban ce ka yi ƙarya ba. Na san ka. Tun muna yara in na saci mangwaro kai ke kai ƙarata wurin babanmu, kana kai ƙara kana kuka. Ban ce ka ƙara kome ba. Ka faɗi wannan, ka tsaya."

"Weta, in na tsaya a nan na san abin da za su ɗauka."

"Su ɗauka mana! Wa zai cutu? Kai da bakinka ka ce mutuwa ba ta san ƙofa ba. In ba ka yarda da abin ba, me ya dame ka da shi?"



Ta taso ta durƙusa kusa da ni, ta kama gefen rigata. "Shi ya rufa gidan nan, Nara. Kowace igiya ta san hannunsa. Mutum arba'in da uku su kwana a bushe saboda shi, shi kuwa ya kwanta a fili kamar karen da ya ci kaza? An bugi bango an ce na ciki ne. Kana tsaye, ka ji da kunnenka. Ya kwanta kawai a kan tabarmar da na haife shi, in wanke masa fuska a ɗakina, in ya so ku ɗauke shi. Da mijina ya mutu ka ce nufin Ubangiji ne, na ce to. Da ka ce in zauna a dutsen nan in reni yaron a gidan ubansa, na ce to. Ban taɓa roƙonka kome ba. Yau ina roƙo."

Ta tashi ta fita, ba ta jira amsa ba.

Allah ne shaidata, na so in ba ta. Na auna kalmomin a bakina: na ga hannunsa a ƙirji. Kowace kalma gaskiya ce. Na ce wa kaina jinƙai ya fi tsanani, kuma Mai jinƙai ba zai kama ni da shirun da na yi domin gwauruwa ba. Har zuciyata ta fara sanyi. Sanyin nan shi ya tsorata ni, domin ya zo da wuri ƙwarai. Na tambayi kaina, me ya sa shirun nan ya yi mini daɗi haka? Sai na gani. Sebina ba ta san abin da ya kai hannun ɗanta ƙirji ba. Ba wanda ya sani. In na ja bakina, yaron zai shiga gida, ni kuma zan fita daga cikin mutuwarsa fes, in ci gaba da buga ƙararrawata ana ce mini Guru. Shirun da nake kira jinƙai, rabinsa mayafi ne da nake saƙa wa kaina. Ban da wannan, dattijo ya ɗora tsoron iyaye mata takwas a kan maganata. Ko tsoron daidai ne ko kuskure, nasu ne, ba ni da ikon sace musu shi ta bayan gida.

Da inuwa ta iso filin aka zauna. Ema Longginus ya ce, "Guru, muna jinka."

Na miƙe. Na faɗi yadda na buga ban duba ba. Na tuna musu abin da na ce masa jiya a wannan fili, a gabansu. Na ce, "Hannunsa ya kai ƙirji, Rofinus bai yi ƙarya ba. Amma daga goshi ya sauko. Lafiyarsa ƙalau, idonsa biyu, ni yake kallo. Ya saki gora ne don ya yi alamar gicciye, domin ni na kunyata shi a kan haka. Da ransa ya faɗo. Hannun da ya riƙe guduma nawa ne."

Rofinus ya rufe fuskarsa da zane. Sebina ta miƙe a hankali daga gefen gawar, ta tako har gabana. Na zaci za ta mare ni, kuma da ta yi, da na gode.

"Ashe kai ne," ta ce. "Daga bakinka albarka ke gangarowa, ko? To, ta gangaro. Ka kashe mini shi da rana, ka hana shi gida da yamma. Sannu da aiki, Guru."

Tun tana koyon magana ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai Nara. Ta koma ta zauna, ta juya mini baya.

Ema Longginus ya share fuskarsa da tafin hannu. "An ji," ya ce. "Ba zai shiga ba." Ya ɗaga kai ya dubi hadarin da ke taruwa ta kan kurmi, sannan ya dubi damin tofa goma sha biyu da ke jingine. "Rofinus, ku kafa gora shida a nan. Ku kawo waɗancan ku rufa masa."

"Ema, na tsini ne. In aka ɗauke su gida zai kwana a buɗe, ga hadari."

"Na ga hadarin. Ido gare ni."

"Sai an sake yankan wata, a shanya, mako biyu ko uku..."

"Gaspar ya rufa mu tun daga ƙasa har sama, mun hana shi shiga. Ya kwanta ƙarƙashin abin da hannunsa ya ɗaure. Mu kuwa ruwa ya same mu."

Aka kafa rumfar, aka jera dammunan da irin ɗaurin da shi yake yi, baƙin gashi a sama don ruwa ya zame. Ana gamawa sama ta tsage. Ruwa ya sauka ta buɗaɗɗen tsini, ya ratsa rumbun iri da na masara da ke can sama cikin gidan, ya zubo daidai kan wurin girki. Wutar iyali takwas ta mutu. Na ga hayaƙi fari yana fita ta ƙofa, sannan na ga mutane suna fitowa, kowa da tabarmarsa a ka. Ba wanda ya umarce su. Suka zauna kewaye da rumfar, manya a waje, yara a tsakiya. A duk Wae Sewo ranar, wuri ɗaya ne busasshe sosai, inda Gaspar ke kwance da uwarsa a gefe.

Na tsaya daga nesa, ruwa na dukana. Lokacin ƙararrawar maraice ya zo ya wuce. Karo na farko ke nan cikin shekara talatin da ban buga ba, ba kuma wanda ya tambaya.

Da gari ya waye ruwa ya ɗauke. Ema Longginus ya yanka baƙin zakara a bakin rafi, ya yi maganar da ake yi, ya bar ruwa ya tafi da abin da ya kamata ya tafi. Maza suka kawo akwatin da suka sassaƙa. Aka saka shi, aka jera masa zannuwa. Saura addu'a, kuma babu mai jan ta sai ni. Na tsaya a bakin rumfa riƙe da carbina, na kasa shiga. Ina tunanin in roƙi Rofinus ya karanta abin da ya iya.

"Guru."

Muryar Sebina ta dushe, da ƙyar na ji. Ba ta dube ni ba, fuskar ɗanta take kallo.

"Matso."

Na sunkuya na shiga, na durƙusa a ɗaya gefen akwatin.

"Ka ce daga goshi ya fara."

"Daga goshi."

"Ya gama?"

A nan ma na ga ƙofar ƙarya a buɗe, ƙarama, mai taushi. Wa zai ƙi ce wa uwa ɗanta ya gama? Amma na riga na biya abin da na biya jiya, ba zan sayar da shi yau ba.

"Ya kai goshi, ya kai ƙirji, ya kai kafaɗar hagu. Bai kai ta dama ba."

Ta gyaɗa kai, kamar wadda aka gaya wa inda aka tsaya a saƙa. Ta janye zane, ta kama hannunsa na dama, ta yi ƙoƙarin ɗaga shi. Hannun ya ƙi, ya riga ya sandare. Akwai tsagar igiya a yatsunsa har yanzu, baƙa. Sai ta sa tafinta cikin nasa, ta bar shi nan har tsawon numfashi uku. Sannan ta ɗauke hannunta a hankali, ta haye da shi kan ƙirjinsa, ta dafa kafaɗarsa ta dama.

"Kullum haka kake," ta ce masa. "Kullum sai ka bar mini ƙarashen aiki."

Mata suka fashe da kuka. Ita ba ta yi ba. Ta mayar da zanen, ta gyara masa shi a wuya kamar mai tsoron sanyi ya kama shi. Sannan, ba tare da ta ɗago ba, ta ce, "Nara, fara addu'ar. Rana na yi."

Na fara. Muryata ta karye a layin farko, Ema Longginus ya ɗauka daga inda na tsaya, da irin lafazinsa na wanda ya koya da tsufa, har na iya komawa.

Muka zaga da shi ta bayan gidan ganga, ba ta gaban ƙofa ba, muka haura makabarta. Bayan kwana goma sha tara aka rufe tsini da sabuwar tofa, Rofinus ya hau, an ɗaure shi da igiya a ƙugu. Rumfar kuwa Sebina ta hana a rushe. A ƙarƙashinta take tsince gahawa, a nan take cin abincinta na rana, har ciyawar ta ruɓe bayan damina shida. Ita ma ba ta daɗe ba bayan haka. A cikin gida ta rasu, kusa da ginshiƙi, ni na ja mata addu'a. Ta ci gaba da ce mini Nara har ƙarshe, amma ba ta sake shan gahawa a ƙoƙo ɗaya da ni ba, ban kuwa ga laifinta ba.

Na koma buga ƙararrawa ranar Lahadin da ta biyo. Amma daga ranar ban sake ɗaukar guduma ba sai na dubi kowane rufi da kowace bishiyar bammi da ido ke iya kaiwa. In akwai mutum a sama, sai in jira ya sauko, ko da rana za ta karkata. Fada ya taɓa yi mini faɗa cewa tsakar ranar Wae Sewo ba ta da lokaci. Na ce masa haka ne, Fada. Wanda na miƙa wa gudumar, abu na farko da na koya masa ke nan, kafin in koya masa yawan bugu. Ubangiji ya ji ƙan Gaspar da uwarsa, ya kuma yi mini sassauci ranar da zan tsaya in sake faɗin wannan.